Busar da Iri da Hasken Zafi: Daga Shanyar Tabarma zuwa Na'ura

A Maiwurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da sauran ƙauyukan Hausawa na yankin Jazira a Sudan, rana ce ke shanya amfanin gona. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 ake noman auduga sosai a yankin tare da dawa, daga baya gyaɗa da alkama suka samu wuri. Girbi yana zuwa bayan ɗaukewar ruwa, don haka shanya ba ta cika wahala ba.

Inda aikin yake shi ne irin shuka. Akan cuɗa irin dawa da magani saboda burtuntuna, na auduga kuma saboda cutar da ke baƙanta rassansa. Kamfanonin iri na zamani sukan narka maganin da ruwa da ɗanko da launi, su lulluɓe kowace ƙwaya. Idan ba ta bushe da wuri ba, sai ta dunƙule, ko ta yi fumfuna, ko ta fara tsiro a cikin buhu. Idan kuma zafin ya wuce kima, wajen digiri 43 ga hatsi, ƙwayar ta mutu, kuma manomi ba zai sani ba sai ya shuka ya ga gibi a kunya.

Nan ne hasken infirared ke da amfani. Wani masani, Wiliyam Hashel, ya gano shi a 1800. Ido ba ya ganinsa, amma shi ne ɗumin da ke bugun fuskar mai zama kusa da garwashi. Yana ɗumama abin da ya faɗa a kai kai tsaye, ba sai ya fara ɗumama iska ba. Kuma ba ya ratsawa da nisa, milimita kaɗan ne, wanda shi ne daidai buƙatar irin da danshinsa ke a fata. Shi ya sa ake baza ƙwayar ba kauri a kan bel mai girgiza, ana kunna fitilun infirared ana kashewa, fanka na kwashe tururin.

Na'urar tana cin lantarki ko gas, tana kuma son mai kula da ma'aunin zafi. A ganina wurinta shi ne cibiyoyin iri, irin na Hukumar Binciken Noma da ke Wad Madani, da ƙungiyoyin manoma, domin irin da zai isa hannun manomin Maiwurno ya zo a bushe kuma da ransa.