Kafur: Ina makomar tsofaffin kwamfutocin da Windows ta juya wa baya?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Kafur, Malumfashi ko Funtua ya san irin kwamfutar da ake nufi: baƙin akwati ƙirar HP ko Dell a ƙarƙashin tebur, ƙurar hunturu ta toshe masa kafofin shan iska, fankarsa na gurnani. A kanta ake buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure da jerin sunayen ƙungiyar manoma masu neman taki. A kanta kuma yara da dama daga Masari, Mahuta da Gozaki suke fara ɗora hannu kafin su shiga jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta.

Galibin waɗannan na'urori gwanjo ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka biyo ta kasuwanni irin su Beirut da ke Kano kafin su iso kudancin Katsina. Yanzu kuwa wata matsala ta same su, wadda ba ta ƙura ba ce ko ta ƙarancin wuta.

Ranar da aka daina kula da Windows 10

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020 da Windows XP a Afrilun 2014. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi kamar kullum. Illar ita ce, idan masu kutse suka gano sabuwar kafa a cikinta, babu mai toshewa. Kamfanin ya bayar da ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026, amma ga wanda ya yi rajistar shirin kaɗai.

Komawa Windows 11 kuma ba kowace na'ura ke iyawa ba. Tana buƙatar RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0. Haka nan ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajejen 2018, wato dai irin waɗanda suka cika shagunanmu.

Abin ya wuce batun mai shago shi kaɗai. A cikin waɗannan akwatuna akwai lambobin NIN na jama'a, hotunan fasfo, sakamakon jarrabawa da takardun filaye. A 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta kan na'urorin Windows da ba a sabunta ba, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Idan hakan ta faru a can, to, ƙaramin shago ma ba zai tsira don ƙanƙantarsa ba.

Sayen sabuwa kuwa ba wasa ba ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabi. A yankin da kuɗi ke shigowa hannu bayan an kai masara da waken suya kasuwa, sabuwar kwamfuta tana bayan taki da kuɗin makaranta a layi.

Mafita ta uku

Akwai hanyar da ba a cika magana a kanta ba, wato a cire Windows a ɗora wata babbar manhajar da za ta tafiyar da na'urar. Wadda ta fi shahara ita ce Linux, da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kyauta ce, kuma halal ne a kwafe ta a raba wa kowa. Mai wayar Android ma yana amfani da ita bai sani ba, domin a kanta aka gina tsarin wayar.

Linux iri-iri ce. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004. Akwai Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows, kuma tana tashi da RAM 2GB, kodayake ta fi sakewa da 4GB. Lubuntu ta fi su sauƙin nauyi. Google ma yana da ChromeOS Flex, sai dai ita ta fi dogara da intanet, abin da bai dace da wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ba.

Yawancinsu suna zuwa da LibreOffice ko kuma ana iya ɗora ta kyauta, kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Akwai ma tsarin allon rubutu na Hausa a ciki, mai fitar da ƙ, ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Cutar nan da ke bin filashi tana ɓoye wa mutane takardu kuwa, don Windows aka yi ta, ba ta aiki a kan Linux.

Yadda ake sauyin

Matakin farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne a kwashe duk takardun da ke ciki zuwa wani wurin ajiya. Ɗora sabuwar manhaja na iya share komai, kuma mai shagon da ya ɓatar da kundin binciken ɗalibi ya san ba ƙaramar rigima ya janyo ba.

Daga nan sai a sauko da manhajar daga shafinta na asali. Nauyinta kan kai 3GB ko fiye, amma saukewa ɗaya ta isa kwamfutocin gari guda. Ana ɗora ta a kan filashi mai 8GB da wata ƙaramar manhaja kamar Rufus. Sai a kunna na'urar ana danna F12 idan Dell ce, ko F9 idan HP ce, a zaɓi filashin.

A wannan gaɓar ana iya gwada Linux daga kan filashi ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Nan ne za a duba ko firinta tana bugawa, ko sauti na fita, ko intanet na kamawa. Idan komai ya yi, sai a ɗora. A tabbatar akwai janareta ko sola a kusa, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikin na iya sa a koma farko.

Inda gizo ke saƙa

Sauyin bai dace da kowa ba. CorelDraw, wadda masu katin biki da fastocin siyasa ke cin abinci da ita, ba ta da nau'in Linux. Akwai madadinta mai suna Inkscape, amma koyonta na buƙatar lokaci. Yawancin firintocin HP suna aiki lafiya, wasu kamfanonin kuwa sai an gwada. Na'urar ɗaukar zanen yatsa da wasu manhajojin rajista da na gwajin jarrabawa su ma Windows suka sani.

Sannan ga ƙarancin masu gyara. Yawancinsu a kan Windows suka koyi sana'ar, don haka wanda Linux ta ba matsala yana iya rasa mai duba masa a kusa.

Saboda haka mai kwamfuta biyu zai iya barin ɗaya a kan Windows don zane, ya cire ta daga intanet, ya mayar da ɗayar Linux don shiga shafuka da buɗe filashin kwastomomi. Mai guda ɗaya kuma yana iya raba wurin ajiyarta gida biyu, ya riƙa zaɓar wadda zai shiga idan ya kunna.

Makarantu ne suka fi kowa cin riba. Yaron da ke shirin JAMB buƙatarsa ita ce hannunsa ya saba da allon rubutu da linzami, ya iya zaɓar amsa kafin lokaci ya ƙure masa. WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a sito don ta yi nauyi, idan aka kaɗe mata ƙura aka ɗora mata manhaja mara nauyi, za ta iya koya wa aji guda wannan kafin ranar jarrabawa.