Soja da Farar Hula a Bakin Iyaka

Mutumin Kumagannam ba ya bukatar a faɗa masa Nijar kusa ta ke. Dabbobi da kanwa daga can su ke gangarowa kasuwannin Gashuwa da Nguru, hatsi kuwa daga nan ya ke hawa. To, in ƙasashen nan suka haɗa sojansu wuri guda, wa ke ba da umarni, mai kaki ko mai babbar riga?

A 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Cadi, domin sha'anin ruwa da su da kiwo. Aikin farar hula ne zalla. Amma da Boko Haram suka ci Baga a Janairun 2015, sai aka sāke shirin rundunar haɗin gwiwa, aka kai hedkwatarta Injamena, aka sa ta ƙarƙashin wannan Hukuma. Kwamandan janar ne na Nijeriya, amma shugaban aikin duka shi ne Babban Sakataren Hukumar, watau farar hula.

A ganina dalilin ba boyayye ba ne. Babu ƙasar da za ta so ta miƙa 'ya'yanta ga janar na wata ƙasa ba tare da wani a bisansa ba. Sa'an nan Tarayyar Turai, wadda ta taimaka da kuɗi ta hannun Tarayyar Afirka, tana son a yi mata lissafi. Har wa yau, a 2018 gwamnonin yankin suka fara taronsu a Maiduguri, har da na Yobe, suka sami bakin magana kan buɗe kasuwanni da komar da 'yan gudun hijira, abubuwan da dā sai abin da soja ya ce.

Kada mai karatu ya zaci takarda kaɗai ta isa ta riƙe mai bindiga. Kowace ƙasa ita ke riƙe da linzamin sojanta. A Yulin 2023 sojan Nijar suka ture Shugaba Bazoum, Nijeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Maris 2024, fatake da makiyaya suka sha wuya ƙwarai. A Maris 2025 Nijar ta ce ta fita daga rundunar, ga shi kuwa ita ke riƙe da shiyyar Diffa, maƙwabciyar Yobe.