Kyautar Sallah Ba Aikin Jajibere Ba Ne

Bara, ranar jajiberen Ƙaramar Sallah, na shafe sa'o'i uku a kasuwar Tudun Wada ina neman turmin atamfar da zan kai wa gwaggona. Ga ƙishirwar azumi, ga cinkoso, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo. Da bashi na saya. Da na kai wa tela, sai ya ce tun goman farko ya daina karɓar ɗinki.

Gwaggo ta karɓi turmin a ledarsa, ta sa mini albarka, sannan ta ce, "Ɗan nan, rabona da kai tun Babbar Sallah." Wannan magana ta fi bashin yi mini ciwo.

Bana na sauya tsari. Tun watan Rajab na shiga adashi da abokan aiki, a Sha'aban na sayi yadi na kai ɗinki. Na rubuta sunayen iyaye da surukai da marayun unguwa, na yanka wa kowa daidai ƙarfina. Canjin goron Sallar yara kuwa a gwangwani nake tara shi tun 1 ga Ramadan, ba sai na bi layin mai POS ba.

Mai karatu, zakkar fidda kai ce wajibi. Kyauta alheri ce, ba ta cancanci cin bashi ba. Wanda aljihunsa ya gaza, ya tafi da kansa ya yi gaisuwa. Ai zumunci a ƙafa yake.