Farfesan da ya tara injinan wanki fiye da dubu a ƙauyen Amurka

A garin Eaton da ke jihar Colorado ta Amurka akwai wasu rumfuna cike da injinan wanki, waɗanda da yawansu sun girmi kakannin masu zuwa kallonsu. Mai su, Lee Maxwell, farfesa ne na injiniyancin lantarki da ya koyar a Jami'ar Jihar Colorado. Bayan ya yi ritaya a tsakiyar shekarun 1980 ne ya fara bin kasuwannin gwanjo da gonaki yana sayen waɗanda aka yasar, yana kwance su, yana kankare tsatsa, yana mayar da su bakin aiki. A shekarar 2000 kundin Guinness ya tabbatar masa da injina 1,060, adadin da ba wanda ya kai shi a duniya.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka sha'awar tsoho ce da ya rasa abin yi. Amma injinan suna ɗauke da tarihin wani aiki da marubuta ba su cika kulawa da shi ba, domin mata ne ke yin sa. Kafin zuwansu, wanki a gidan manomin Amurka kan cinye yini guda cur: ɗebo ruwa, hura wuta, dafa tufafi, cuɗawa a kan allo mai gurzago, sannan matsewa da hannu. Injinan farko gangunan katako ne da ake juyawa da mariƙi, wasu kuma akuya ko kare ke tafiya a kan wani dandamali yana juya su.

Kamfanin Maytag na garin Newton a jihar Iowa ya fitar da injinsa na farko a 1907, shi ma na katako. Matsalar ita ce yawancin masu bukatarsa ba su da lantarki. Har tsakiyar shekarun 1930 kusan gona ɗaya ce cikin goma ke da wuta a Amurka. Saboda haka a 1915 kamfanin ya ɗora wa injin wankinsa ƙaramin inji mai shan fetur. Ana gauraya masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareton da ke ƙugi a bayan shagunan Nyanya da Kubwa, a wani samfurin da ya zo daga baya kuma taka shi ake yi da ƙafa kamar babur, a zura bututun hayaƙin ta taga. Har akwai abin niƙa nama da na kaɗa man shanu da ake jona masa.

Irin waɗannan ne masu gyara suka fi ƙauna, saboda komai nasu a fili yake. Haƙoran ƙarfe ne da bel da kusoshi, ba a liƙe komai da gam ba. Tsohon giris da ya daskare sai a wanke shi da kananzir. Gangar katakon da ta bushe ta fara yoyo sau da yawa jiƙa ta kawai ake yi, itacen ya kumbura ya toshe kansa. Inda ake shan wuya shi ne sandunan roba biyu masu matse tufafi, domin roba kan tsattsage da tsufa, sai an naɗa sabuwa. Sandunan nan kuwa ba abin wasa ba ne: sun murƙushe hannuwan yara da mata da yawa, abin da ya tilasta wa kamfanoni ƙara maɓallin da ke sakinsu nan take.

Injin zamani ya fi su tsimin ruwa da aminci, wannan ba a musu. Sai dai idan allon lantarkinsa ya ƙone, kuɗin gyara kan kusa kai na sabo, shi ya sa ake ganin injinan da ba su shekara goma ba jibge a wajen 'yan gwangwan.

Maytag ya daina ƙera injin mai sandunan matsewa a 1983. Kamfanin Whirlpool ya saye shi a 2006, aka rufe masana'antar Newton a shekarar da ta biyo. Duk da haka al'ummar Amish, da ba sa jona gidajensu da wutar gwamnati, har yau suna neman tsofaffin injinan, a gyara musu, su ɗora musu injin fetur su ci gaba da wanki.