Salula na kai zubi, amma zumunta a ƙafa take

Ƴan uwa mata, yau da wuya a yi taron asusu a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ba a ji kukan salula cikin zanen wata ba. Alherinta kuwa ba ma musunsa. Da can, in maigida ya tafi bida Abijan ko Kwatano, sai mun jira mai zuwa gida ya riƙo mana saƙo, wani lokaci wata biyu. Yanzu ya aiko ta Nita, Amana ko Al Izza, mu karɓa ran nan. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana jin kuɗin tiya a kasuwa kafin ta biya mota. Wadda ba ta yi lakkol ba ma tana aika saƙon murya a WhatsApp, ba sai ta nemi mai rubuta mata ba.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta fara shigo mana. Ranar zubi, mace ta zauna gida, ta tura dala ɗarinta ta Airtel Money ko Moov Money zuwa lambar shugaba, ta ce ai ta biya. Kuɗin sun iso, gaskiya ne. Amma mu tsaya mu duba abin da ya ɓace a hanya.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kan shaida aka gina shi. Iyayenmu da suka soma shi, mafi yawansu ba su karatu, da ka suke riƙe lissafi, kowa ta san bashin ta kusa da ita. Akwati na da kwaɗo 3, makullan na hannun mata 3, ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji. In zubi ya koma cikin salula guda mai lambar sirri guda, to makullan nan uku sun zama ado. Mun kuma ɗora wa shugaba nauyin da ba ta roƙa ba: salula ta faɗi, ko rezo ya ɗauke, ko kuɗin cirewa ya ci wani abu, zargi kanta zai sauka.

Ga maganar sirri. Da yawa cikinmu yaro muke miƙa wa salula ya karanta saƙo, har ya danna lambar sirri. Ke nan abin da kika tara, gida duka ya sani. Ɓarayin waya kuma sun gane haka. Su kira ki, su ce kin ci kyauta, ko sun yi kuskuren turo miki kuɗi ki mayar, ko ki faɗi lambarki a gyara miki layi. Duk mai tambayar lambar sirrinki ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo.

Babbar asarar ita ce zaman kanta. Kan tabarma muke ganin wadda ta rame, wadda ta yi shiru saboda ana shirin fidda ɗiyarta daga lakkol a yi mata aure, wadda hatsinta ya ƙare tun damana ba ta yi nisa ba. Kuɗin taimako na asusu da ido muke sanin inda za su. Salula ba ta ganin hawaye.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce a sa wannan cikin doka. Turo zubi ta waya sai da uzuri: ciwo, biƙi, rasuwa ko tafiya. Mai turowa ita ke biyan kuɗin cirewa. A ciro kuɗin kafin taro, a karanta saƙon gaban kowa, a rubuta cikin littafi, a sa cikin akwati. Wadda ta ƙi zuwa ba dalili, tarar rashin zuwa na kanta ko ta turo. Mu da muka yi yaƙi da jahilci kuma, mu ware ɗan lokaci bayan zubi mu koya wa ƴan uwa karanta lambobi daga 0 zuwa 9, har kowa ta iya danna lambarta da hannunta.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka cikin asusunmu. Sai mun haɗu ranar zubi, kowa da ƙafarta.