Kafaɗa da Kwatangwalo

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mace tana daka, ya ga gaɓoɓi biyu suna aiki tare, ko da bai lura ba. Taɓarya na tashi ta wuce kai, ta faɗo cikin turmi, wani lokaci ma a cilla ta sama a tafa kafin a cafe. Aikin kafaɗa ke nan. A ƙasa kuwa ƙafafu na kafe, jiki na rusunawa yana miƙewa, nauyin mai dakan da na goyon da ke bayanta duk suna sauka a kan kwatangwalo. Masana halittar jiki aji ɗaya suka sa gaɓoɓin nan biyu, domin ƙirarsu ɗaya ce: mulmulallen kan ƙashi zaune cikin rami, an shafe fuskokinsu da guringuntsi mai santsi, ga ɗan ruwa mai yauƙi a tsakani don kada su goge juna. Daga nan kuma suka raba hanya.

Ramin kwatangwalo mai zurfi ne, ya rungume kan ƙashin cinya kamar yadda turmi ke riƙe kan taɓarya, sannan an ɗaure shi da kakkauran jijiyoyi, ta gaban ma ana lissafa ta a matsayin mafi ƙarfi a jiki. Ramin kafaɗa, wanda ke gefen allon kafaɗa, da ƙyar za a kira shi rami. Kan ƙashin damtse ya ninka shi sau uku ko huɗu, zamansa a kai tamkar ƙwai ne a cikin cokali. Abin da ke hana ƙwan faɗuwa tsokoki huɗu ne da suka taso daga allon suka kewaye shi, suna ja suna saki daidai da kowane motsi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, hannu gaba ɗaya da allonsa ba su haɗu da ƙashin gangar jiki ba sai a wuri guda, inda siririn ƙashin nan da ke gicciye a ƙasan wuya ya taɓa ƙashin ƙirji. Sauran duk tsoka ce ke rataye da shi.

Kowace ƙira da ribarta. Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa: da ita ake ɗaura ɗankwali, a sosa gadon baya, a wurga dutse, a ciro kaya daga kan rumbu. Kwatangwalo ma ba a baya yake ba, shi ke ba mu damar tsugunawa, da yin sujada, da tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, sai dai iyakarsa ta fi kusa. Ladansa a ɗaukar kaya yake. A tafiya ta yau da kullum, ƙarfin da ke sauka a kansa a kowane taku yakan kai ninki biyu da rabi zuwa uku na nauyin mutum. Mai nauyin kilo 60 yana ɗora masa abin da ya kai kilo 150 ko fiye, sau dubbai a wuni, shekara da shekaru.

Idan tsautsayi ya zo, kowanne da irin raunin da yake yi. Kafaɗa gocewa take yi, kuma a cikin manyan gaɓoɓi ita ta fi kowacce gocewa, galibi ta gaba. Ɗan acaɓa ya faɗi ya tokare da hannu, sai ka gan shi ya tashi ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan, kafaɗar ta zube, mulmulenta ya ɓace. A mayar da ita, a rataye hannun na ɗan lokaci, yakan koma aiki, ko da yake idan matashi ne takan saba da fita. Kwatangwalo ba ya gocewa da wasa, sai babban haɗari, kamar gwiwa ta daki gaban mota da ƙarfi. Nasa raunin a wuyan ƙashin cinya yake, wanda tsufa ke cinyewa a ɓoye. Tsohuwa ta zame a makewayi, ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje. Kwanciyar da ke biyo baya ita ce abin tsoro: gyambon kwanciya, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa.

Duka biyun kuma ba sa motsi sai da umarnin laka. Jijiyoyi 31 ne ke fita daga laka ta kowane gefe: 8 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙasansa, sai 1 a can ƙarshe. Biyar daga cikinsu, huɗu na ƙasan wuya da ta farkon ƙirji, su ke haɗuwa su saƙu kamar kitso, su bi ta hammata su rarrabu cikin hannu. Shi ya sa idan kafaɗar jariri ta maƙale wajen haihuwa aka ja kansa da ƙarfi, akan ga hannun ya saki, yana lilo a gefensa. Ta bayan kwatangwalo kuwa jijiya mafi kauri a jiki ce ta ratsa, kaurinta ya kusa babban yatsa, ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. Wannan jijiyar ce allurar da aka yi a inda bai dace ba take sokewa. Ina jin ɓacin rai duk lokacin da na ga yaro yana jan tafin ƙafa saboda allurar zazzaɓi da wani marar horo ya yi masa a tsakiyar ɗuwawu, alhali wurin da ya dace shi ne ɓangaren sama na waje, ƙananan yara ma a cinya ake yi musu.

Saboda wannan saƙar jijiyoyi, gaɓoɓin biyu kan ruɗe mai ciwo. Zafin da ake ji a kafaɗa yana iya tasowa daga wuya, ko matsarmama, ko ma zuciya. Kwatangwalo shi kuma yakan aika nasa ciwon zuwa gwiwa, a yi ta shafa man zafi a gwiwar yaro, alhali matsalar tana sama.

A ƙasar Hausa akwai dalili na musamman da ya sa wannan ya shafe mu, wato cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Hanyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya 'yan kaɗan ne kuma sirara. Idan lanƙwasassun ƙwayoyin jini suka toshe su, ƙashin yakan mutu a hankali, ya rufta. Kan ƙashin damtse ma hakan na samunsa, amma da yake ba a taka shi, mai shi yakan daɗe yana lallaɓawa. Tun 1962, lokacin da likita John Charnley ya daidaita aikinsa na sauya kwatangwalo da ƙarfe da roba a Ingila, wannan tiyata ta tayar da mutane da yawa daga kwance, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, kuma ga matashi gaɓar roba takan gaji kafin shi ya tsufa.

Idan batun gwaninta ake yi, kafaɗa zan ba wa girman, domin yawancin sana'ar hannu a kanta take. Idan kuwa ana tambayar wadda ta fi bukatar a yi mata gaggawa, kwatangwalo ne, saboda mai ciwon kafaɗa da ƙafarsa yake zuwa neman magani, mai ciwon kwatangwalo sai an ɗauke shi. Maɗoranmu na da basirarsu, amma hannu ba ya ganin wuyan ƙashin da ke binne cikin tsoka. Tsohon da ya faɗi ya kasa tashi, da mai sikilar da ya fara ɗingishi ko kukan gwiwa, a kai su asibiti a ɗauki hoton ƙashi tun da wuri.