Rawar Da Shugaban Makaranta Ke Takawa Wajen Kare Lafiyar Ƙwaƙwalwar Malamai

A shekarar 2022 aka sanya hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malaman Najeriya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Sai dai tsawaita wa'adin bai tabbatar da cewa malami zai kai ƙarshensa da kwanciyar hankali ba.

Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, kuma alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, ficewar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. A 2022 kuma ta ba da shawarar a horar da shugabanni yadda za su gane ma'aikacin da damuwa ta kama.

Shugaban makaranta ba shi ke biyan albashi ko ƙarin girma ba, amma jadawalin darussa yana hannunsa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare, alhali a makarantun gwamnati da dama adadin ya ninka haka. Idan aka jibga wa malami guda manyan azuzuwa, da duba takardun jarrabawa, da lura da zuwan ɗalibai, to raba nauyin bisa adalci shi ne maganin farko. Haka nan gyaran kuskure: wanda aka kira ofis aka yi wa nasiha zai dawo da matsalarsa gobe, wanda aka tsawata wa a gaban ɗalibai kuwa zai haɗiye ta. Sannan duk lokacin da wani uba ya shigo a fusace, shugaban ne ya kamata ya tare shi, ba a bar malami shi kaɗai ba.

A wasu yankuna damuwar ta wuce ta yawan aiki. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Kuriga a 2024, hankali ya fi karkata ga yaran, ga shi kuwa malamai ma suna komawa aji da fargaba. Idan rashin barci ko firgita ya daɗe, hakkin shugaba ne ya ba malami hutu, ya rufa masa asiri, ya kuma haɗa shi da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware.